Zaman Duna na Minti Goma

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da Larabar da Oga Bulus ya nuna mini inda laifin karena yake ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a kamfanin da ke gadin sababbin gidajen nan na Maje. Aka damƙa mini wani baƙin kare mai suna Duna. Ƙa'idar kamfani ita ce, kafin a ajiye kare a bakin get, sai ya yi zaman minti goma cur ba igiya, motoci na shiga, mutane na wucewa, manaja na riƙe da agogo. Wanda ya kasa, a mayar da shi wurin dillali. Saura kwana tara a gwada Duna, shi kuwa ko minti biyu ba ya kaiwa.

Ga wanda bai san aikin ba, abin a baki sauƙi ne. Ka ce "zauna", ka ja da baya taku ɗaya, ka dawo ka ba shi guntun kilishi tun yana zaune, sannan ka sallame shi. Gobe ka ƙara taku, ka ƙara lokaci. Duk na yi. Amma da na ɗan yi nisa sai in ga gogan ya miƙe yana kaɗa wutsiya, kamar mun gama ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na shaƙu da shi, duk da tsiyar da ake mini a unguwarmu ta Magajiya cewa na zama uban kare.

Ranar nan da azahar na zaunar da shi a gindin dalbejiya, na cire kakin aiki, na wanke hannu, na yi alwala, na zura jallabiya na yi salla. Ina idarwa sai ga Oga Bulus, shugaban sashenmu, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya a aikin karnuka, yana kallon agogonsa yana dariya.

"Malam Sani, ka san tun yaushe karen nan yake zaune?"

Na ce, "A'a, Oga."

"Minti sha biyu. Kuma ka manta ba ka ɗaure shi ba. Oya, sa kakinka ka zaunar da shi in gani."

Na mayar da kakina, na tashe shi, sannan na ce "zauna", ya zauna. Ban yi taku uku ba Oga ya daka mini tsawa.

"Ka ji bakinka? Sau biyar ka ce masa zauna! Ido a kansa, hannu a aljihun kilishi, ƙafa na rawa. Haba! Ko ni ne ai sai in taso in ji me ya faru. Da kana salla fa? Ka tsaya cak, ba ruwanka da shi, shi ma ya kwantar da hankalinsa."

Kunya ta kama ni har wuya. Wata biyu ina zagin kare, ashe ni ne mai zumuɗin.

Sauran kwanakin kaina na horar. Umarni sau ɗaya, hannu a baya, ido a kan get. Wallahi ya fi mini wuya fiye da Duna.

Ranar gwaji, a minti na bakwai, wata mai awara ta wuce ta gabansa da bokitinta a buɗe. Na ji kamar in ce "zauna", na cije leɓe na yi shiru. Duna ya bi ta da hanci, ya waiwayo ya dube ni, ya ga ban motsa ba, ya ci gaba da zamansa. Manaja ya ce, "Ya ci." Shekara shida muka yi tare a get ɗin nan.

Shi ya sa in sabon ma'aikaci ya zo mini da ƙarar cewa karensa ba ya zama, ba na ko kallon karen. Shi ma'aikacin nake cewa ya tsaya minti goma, hannu a baya, baki a rufe. Yawancinsu ba sa kai uku.