Tela, Auna Min Baya

Duk ranar Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, Malam Sabo zai faɗo shagona a kasuwar Gudu, ban gama amsa sallamarsa ba ya juya min ƙeya ya ce, "Tela, auna!" Ku da kuka san shi kun san ba ɗinki ya kawo ba. Faɗin bayansa yake so in auna, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. In na ce ya ƙaru, ya saya min zoɓo. In na ce yana nan yadda yake, ya ce tef ɗina ne ya saki.

Tsohon direba ne, ya haura hamsin bai taɓa ɗaga abin da ya fi taya nauyi ba. Sai matarsa, Maman Nura, ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga su a saman bene hawa na biyu. Ranar farko da ya goyo ta zuwa asibiti, bayansa ya riƙe, ya kwana uku yana sallah a zaune. Da ya miƙe ya ce min, "In bayan nan ya mutu, matar nan ta daina ganin rana." Daga nan ya shiga ɗaga ƙarfe.

To amma fa irin nasa. Ya ari tef ɗina ya auna tsayin gadon matarsa, ya tafi wurin Bulus mai walda ya ce a ƙera masa maɗora biyu daidai wannan tsayin, watau iya gwiwa. A kansu yake ɗora sandar ƙarfe, da kankaren da ya zuba a gwangwanin fenti a kowane gefe. Ya tsaya, ƙirji gaba, baya a miƙe, ya ja ta zuwa cinya, ya matse kafaɗu, ya mayar a hankali. Bulus ya ce, "Oga, masu yi daga ƙasa suke ɗauka fa." Malam Sabo ya harare shi ya ce, "Matata a ƙasa take kwana?"

Samarin unguwa masu zuwa jim, gidan motsa jiki, suka yi ta yi masa dariya, wai rabin aiki yake. Wani mai suna Sani, ƙirji kamar buhun shinkafa, ya ce, "Baba, matsa ka ga yadda ake yi." Ya kama, ya gantsare, ya yi nishi, ƙarfe ko gezau. Malam Sabo ya ce, "Kai don madubi kake yi, shi ya sa ƙarfinka duk a gaba yake. Ni nawa a baya na ajiye, inda ake goyo." Wallahi ranar har keken ɗinki na bari don dariya.

Ga maƙo! Baya na ta faɗi yana kauri, kaftani na ta yagewa, amma sabon yadi haram. Sai ya ce in tsaga tsakiya in sa ƙari da ƙyallen da ya ragu a shago. Yau shuɗi, gobe ruwan toka, har akwai na atamfa. Na ce, "Malam, tsakani da Allah rigar nan tana zubar min da mutuncin sana'a." Ya ce, "Ni ina ganin bayana ne? Wanda ya gani shi ta dama."

Ɗansu Nura, ma'aikacin ofis, siriri kamar sillen kara, ya samo musu gida a hawan ƙasa. Malam Sabo ya ce atafau. "Uwarka tagar nan take so, daga nan take gulmar duk mai shiga kasuwa. In raba ta da ita?" Nura ya ce, "Baba, in ka gaji fa?" Ya ce, "In na gaji sai ka karɓa, da wannan bayan naka na kazar da aka fige." Muka yi dariya, Nura bai yi ba.

Haka ya yi ta sauko da ita kowace safiya ta sha hantsi, ya mayar da ita kafin azahar, tana bayansa tana yi masa faɗa wai yana jijjiga ta. Bayan nasa bai sake riƙewa ba ko sau ɗaya. Zazzaɓin kwana biyu ne ya ɗauke shi, ya bar ta a sama. Na yi kuka, kuma rabin kukan na tunanin wa zai sauko da ita ne.

Juma'a ta uku bayan rasuwar, ina tsakar ɗinki, na ji sallama. Nura ne, tafin hannunsa duk kanta ta fara fitowa. Ya juya min baya. Da ƙyar ya ce, "Baba Tela, auna." Na ɗauko tef na auna. Babu abin da ya ƙaru, amma na ce masa ya ƙaru.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya sauke masa nauyi kamar yadda ya ɗauki na wani. Allah ya ƙarfafa bayan da ya bari. Amin.