Ginshiƙan da Baba Ya Gyara

Masana'antar da na yi wa aiki a Birnin Masana'antu na Biyu, kudu da Riyad, ba ta yin komai sai ginshiƙan ado na siminti, irin waɗanda masu hali ke kafawa a ƙofar gida. Ni ne shugaban leburori, ba don na fi kowa iya aiki ba, sai don ina jin Larabci kuma ina da baki.

Wata shekara wani mai gidan cin abinci ya kawo mana hoton wani tsohon haikalin Rumawa, inda suke bauta wa gumakansu a da. Rufin ya zube, ginshiƙan duk sun tsattsage, wasu ma sun guntule. Ya ce haka yake so a yi masa a lambunsa, kango sak, mutane su ci gasasshen nama a gindinsa suna ɗaukar hoto. Na ce a raina, mai hali dai ba ya rasa abin yi. Muka zuba ginshiƙan lafiya lau, sannan aka ɗauko wani ɗan Masar ya bi su da guduma yana fasawa daidai da hoton, ya shafa musu launin tsufa.

Duk wannan an yi shi Baba yana kwance da zazzaɓi. Baba dattijo ne, magini daga Damagaram, wanda ya fi mu daɗewa a ƙasar. Iƙamarsa, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, kuma sai manaja ya sa baki kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, zai sabunta ta. A shekarunsa, in ya fita ya fita ke nan.

Ran Juma'a ya samu sauƙi, ya leƙa sito bayan an sauko daga masallaci, ba kowa. Ya ga ginshiƙai a farfashe, ya ɗauka yaranmu ne suka yi ɓarna wajen ɗaukar kaya. Sai ya kwaɓa siminti.

Da safiyar Asabar, ranar da mota za ta kwashi kayan, na buɗe sito. Ginshiƙai sumul, ba tsaga ko ɗaya. Baba na tsaye a gefe yana murmushi.

"Ɗan nan, na rufa muku asiri," in ji shi. "Kada ka gaya wa mudir."

Ban kai ga amsawa ba mudir ɗin, wato manajan, ya shigo. Ya tsaya, ya dubi hoton da ke hannunsa, ya dubi ginshiƙan. Sai ihu. A cikin ihun na ji kalmar da kowane baƙo ke tsoro, huruj, fita ba dawowa. Baba ma ya ji ta, wannan ba ta bukatar tafinta.

"Me na ɓata?" ya tambaye ni.

"Baba, fasassun ake so. Da gangan aka fasa."

"A gina abu, a fasa shi da gangan?"

Haushi da tausayi suka cika ni. Na juya ga manaja na yi ta roƙo, har abin da ban iya ba na Larabci sai da na faɗa. Na ce simintin bai gama bushewa ba, kuma wanda ya cike tsaga shi ya san inda take. Ya dubi agogo, ya ce in motar ta iso ba a gama ba, Baba ya haɗa kayansa.

Na miƙa wa Baba guduma. Ya daɗe yana riƙe da ita. Ya shafa ginshiƙin farko da tafin hannu, ya yi bisimilla, ya buga. Muka bi bayansa da launi, kowa kunnensa na bakin ƙofa. Motar ta iso yana kan na ƙarshe, manaja ya duba, ya ɗaga kai, ya wuce ofis.

Da muka zauna shan shayi na so in tsokane shi, na ce yau ya zama Barume. Bai yi dariya ba. Ya ciro waya ya nuna mini hoton da 'yarsa ta turo bayan damina. Katangar gidansa ce a Damagaram, ta tsage daga sama har ƙasa.

"Waccan nake gani kullum," ya ce. "Hannuna bai kai can ba, shi ya sa na gyara wadda ke kusa."