Batirin da Ya Sa Malam Tura Babur a Tashar Yari

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ina da maƙwabci a Tudun Wada, dattijo, tsohon malamin firamare. Kullum kafin ya tada babur ɗinsa sai ya danna hon ya kasa kunne, ya kunna fitila ya duba haskenta a jikin bango. Ya ce ta haka yake gane lafiyar batir. Ni kuwa na mai da shi abin dariya a majalisarmu, har na laƙaba masa Likitan Babur.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi sunan jikansa na fari a Maƙarfi, kuma shi zai raɗa sunan. Na ce ya bar tsohon babur ɗinsa ya huta, zan kai shi a nawa.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla. Kafin ya hau sai ya miƙa hannu ya danna hon ɗina. Ƙarar ta fito a dishe kamar ɗan akuya mai mura. Ya ce batirin nan ya gaji, ya tambaye ni ko kik yana aiki. Na ce lafiya lau. Ƙarya na yi. Kik ɗin ya karye tun bayan ƙaramar salla, da sitata kaɗai nake lallaɓawa.

Hanyar Kano ta yi daɗi da safen nan. Iska mai sanyi, manyan motoci a jere gefen titi direbobi na wanke fuska, amalanken shanu sun fito ɗauke da rake. Malam yana bayana yana ta lissafo sunayen da ya so sa wa jaririn. A Tashar Yari, inda ake karkata zuwa Maƙarfi, ƙamshin ƙosai ya ja ni na tsaya. Ƙosan nan ya fi na Zariya girma da arha, kuma mai suyar ba ta rowar yaji. Na kashe babur, muka ci muka sha shayi.

Da muka tashi tafiya na danna sitata, sai ƙas-ƙas. Na sake, shiru. Malam ya ce in buga kik. Na sunkuyar da kai.

Ya leƙa ya ga kik ɗin a karye. Ya sa na buɗe murfin batir, sai ga wani farin gari kamar kanwa ya cinye kawunan, waya ɗaya ma tana rawa. Ya roƙi mai shayi ruwan zafi, ya ɗauraye wajen a hankali, ya goge, ya ɗaure wayar. Hon ya ɗan farfaɗo, amma batirin bai isa tada inji ba. Rana ta soma ɗagowa, ga jama'a can suna jiransa.

Sai ya naɗe farar babbar rigarsa a kafaɗa, ya ce, "Hau, sa giya ta biyu. In na ce saki, ka saki kuloci."

Dattijo mai furfura yana tura ni, masu ƙosai na ta dariya suna masa kirari. A turi na uku babur ya kama. Mun isa liman ya gyara zama ke nan. Malam ya raɗa sunan yana haki, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Mun ci waina da miyar taushe har na kasa sunkuyawa.

A dawowa samari suka tura mu, aka ɗaura mana rake a baya, ban ƙara kashe inji ba sai a shagon bakanike a Kongo. Na sa sabon batir da kik. Na dai gane cewa batir ba ya mutuwa sai ya yi ta ba mai shi labari.

Da la'asar na je majalisa, kowa na zaune. Na durƙusa gaban Malam na ce, "Malam, a nan na yi maka dariya, a nan zan ba ka haƙuri. Na yi maka ƙarya kan kik, na sa ka tura babur ranar sunan jikanka. Don Allah ka yafe mini."