Sunan baffana da ya faɗi daga takarda

Shekarun baya, lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta a Yamai, aka ce kowa ya zaɓi aikin da zai kammala da shi. Ni na zaɓi in rubuta wata manhaja mai aikin tafinta. Akwai hanyar tambayar kwamfuta da ake kira SPARQL, wadda ke kallon bayanai kamar igiyoyin zumunci: wane ya haifi wane, wane yana zaune wuri kaza. Akwai kuma SQL, wadda ba ta san komai ba sai tebur mai layuka kamar rajistar makaranta. Manhajata ita ce za ta ɗauki tambaya daga ta farko ta mayar da ita ta biyu. Malamina ya ce in nemo bayanan gwaji. Sai na ce me zai kai ni nesa, ga danginmu nan a ƙauyenmu kusa da Kiéché.

Hutu guda na yi ina bin tsofaffi da littafi. Na yi tebur na sunaye, na yi na haihuwa, na yi na gandu, wato gonar gidan da kowa yake ci daga cikinta. Mata da yara duka na sa su ƙarƙashin gandun da suke. Babban baffana, wanda shi ne mai gida tun rasuwar mahaifina, ya ji daɗin abin. Ya ce in Allah ya kai mu babbar Sallah, in kawo masa jerin duk zuriyar kakanmu da gandun kowa, a karanta a gaban jama'a.

Ina da wani baffa kuma, ƙanen mahaifina, yana zaune a Dogon Dutsi. Tun yana saurayi ya shiga addinin Kirista, ya bar ƙauye, ya koyi kafinta. Ba a kore shi ba, amma ba a nemansa. Ba ya da gandu, don haka gurbinsa a wannan tebur na bar shi ba komai. A gidansa na zauna shekara huɗu ina karatun kolej. Shi ke tashe ni sallar asuba in barci ya fi ƙarfina.

Mahaifiyata ce ta aika masa ya zo wannan Sallar. Ta ce a gaya masa ɗansa, wato ni, shi ne zai karanta jerin. Ya zo a kan moto, da sabuwar riga, ya gaisa da kowa, ya zauna a bakin tabarma.

Tambayar da na rubuta mai sauƙi ce: a ba ni duk wanda ya fito daga kakanmu, da gandunsa in akwai. Na buga amsar a takarda tun daga Yamai, ban ko duba ba, don na yarda da aikina fiye da kima. Na miƙe tsaye cikin babbar riga ta aro, ina karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, ina jan murya kamar mai labarai a rediyo. Duk wanda ya ji sunansa sai ya yi murmushi. Da na gama aka yi ta sa mini albarka. Ban ga lokacin da baffana na Dutsi ya tashi ba. An ce ya yi sallama a hankali, ya tura motonsa har bayan gari kafin ya tayar.

Da la'asar mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ina sunan ƙanen ubanka?"

Na ce, "Yana ciki mana, Inna."

"Ina bayan zana, na saurara tun daga farko har ƙarshe. Babu shi, babu ɗiyansa. Wa ya ce ka cire shi?"

Na ɗauko takardar na bi ta da yatsa sau uku. Babu. Na buɗe kwamfuta, ga sunansa nan a teburin sunaye, ga shi a na haihuwa. Kuskuren a tafintata yake. Inda tambaya ta ce "in akwai", manhajar ta fassara shi da "dole sai akwai". Don haka wurin haɗa teburin sunaye da na gandu, duk wanda gurbinsa ba komai sai ta yar da shi, ba tare da ta ce uffan ba. A duk zuriyar, shi da 'ya'yansa kaɗai ne ba su da gandu. Gyaran bai kai layi biyu ba. Kafin a kira magariba na gama.

Kashegari na tafi Dutsi da sabuwar takarda. Na same shi a rumfarsa yana feƙe ƙafar kujera. Na durƙusa na gaishe shi, na shiga bayani. Na yi maganar tebur, na yi maganar gurbi, har na zana masa da fensirinsa a kan guntun katako. Ya bar ni na gama. Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya nemo sunansa da na 'ya'yansa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Na yarda da kai, ɗana. Kai ba ka yi mini haka da gangan ba."

Na ji sanyi a raina, har na fara murmushi.

Sai ya ce, "Na'ura ta manta da ni, wannan ba komi. Amma 'yan'uwana suna zaune, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun ji an wuce wurin da sunana yake. Na jira ko wani zai ce, ina wane? Har ka gama ina jira."

Ni ma da bakina na karanta, ni ma ban ji giɓin ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya kira matarsa ta kawo mini fura, ya tambaye ni karatu. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya kamar yadda ya saba.

Na kai wa babban baffana gyararriyar takarda, na roƙe shi a sake karantawa. Ya ce to, sai wata Sallar. Wata Sallar ta zo, aka ce jama'a ba su cika ba. Baffana na Dutsi bai sake taka ƙauyen ba har ya rasu, bayan 'yan shekaru. Mu kaɗan ne muka je jana'izarsa, ni da mahaifiyata da gwaggona.

Aikin nawa ya ci maki mai kyau. A ranar kare shi a gaban malamai har na ba da labarin kuskuren a matsayin misali, malamai suka gyaɗa kai, suka ce na fahimci matsalar sosai. Ban gaya musu ko sunan wa ne ya faɗi ba.

Har yanzu irin wannan aikin nake yi. Duk lokacin da na haɗa tebur biyu, sai na koma na duba waɗanda suka shiga da waɗanda suka fito, in ga ko wani ya ɓace a hanya. Abokan aikina suna yi mini dariya, suna cewa na cika tsoro. Ba na musu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi shekaru ina ɗora laifin a kan layi biyu na manhaja, don su ne abin da na iya gyarawa. Gurbin nan da na bari ba komai, ba ni na fara barinsa ba, amma da na zo cike tebur ban tsaya na tambayi kowa dalili ba. Na tsallake shi na wuce na gaba.