Takardarki Ta Cika Bayan Kin Tafi, Mama Yatsu

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Satumba, wajen ƙarfe biyu na rana, Ubangiji ya kira malamar maganar hannu ta makarantarmu, wadda ɗalibai suke kira Mama Yatsu. A bakin ɗakin malamai ta yanke jiki ta faɗi, da alli a hannunta, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni ce akawun ofis mai buga jadawalin darussa, ni ce kuma uwar Auta, yarinya ɗaya tilo kurma a duk makarantar.

Malama, shekara huɗu ke nan da kika shigo ofis kika tarar da ni ina share hawaye, don an ce ba za a ɗauki Auta ba tunda babu mai yi mata bayani. A lokacin, tarihi kike koyarwa. Kika ce ƙaninki kurma ne, da hannu kuka yi hirar ƙuruciya. Ko zama ba ki yi ba, kika wuce wurin Shugaban makaranta, ba ki fito ba sai da aka sa maganar hannu cikin darussan zaɓi. Cewa kika yi fassara kaɗai ba ta isa ba, yarinya tana bukatar ƙawayen da za ta yi gulma da su.

Kowa ya san dokar darussan zaɓi a nan. Makon farko na zango ake manna takardu a allon bakin ɗakin sujada: kwamfuta, ɗinki, kiɗa, aikin katako. Darasin da bai samu suna goma ba kafin tsakar ranar Jumma'a, an soke shi. Ta kwamfuta kan cika tun ban koma kujerata ba. Taki kuwa kullum sai kin yi farauta, kina tare yara a layin cin abinci. Na ji da kunnena wani ya ce miki, "Malama, ai wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Kika ce, "Ƙaunar maƙwabci ma ba ta fitowa, ɗana, amma kullum da safe kai ne mai ɗaga murya wajen rera ta." Ya sunkuyar da kai ya karɓi biro.

Kowace safiya kina tsaye hagu da bagade, Fasto yana addu'a kina juya wa Auta da yatsu. Kowane mako kuma sai kin leƙo ofis kin ce, "Maman Auta, kujerar baya a ajina fa taki ce." Ni kuwa sai in ce aiki ya sha mini kai, sai wani zangon. Shekara huɗu ina wannan shirme. Abin da na iya faɗa da hannu bai wuce ci, barci, zo, bari ba, sauran a takarda nake rubuta wa 'yar da na haifa.

Ranar Laraba na kasa gaya wa Auta kin rasu. Na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa. Da safiyar Alhamis Shugaba ya tsaya a ɗakin sujada ya sanar da rasuwarki, ɗaki ya ɗauki kuka. Auta tana layin gaba tana kallon wurin tsayuwarki, ba kowa. Ta dubi ƙawayenta, duk sun rufe fuska da hannuwan da za su yi mata bayani. Sai ta waiwayo ta hango ni a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu tana tambayata me ya faru. Wayyo Malama, ban san yadda ake cewa mutuwa ba. Na tsaya ƙiƙam kamar baƙuwa, ina motsa baki.

Ranar da kika faɗi suna bakwai ne a takardarki. Kafin Jumma'a sun kai arba'in da uku, har bayanta an rubuta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina kuke duk shekarun da baiwar Allah take bin ku kamar mai roƙo? Amma da wane baki zan yi faɗa, ni da na rubuta nawa na arba'in da huɗu? Da rana Shugaba ya shigo, idonsa jajir, ya ce, "Maman Auta, ki yi haƙuri, a cire darasin. Babu malami." Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Da yatsana na goge layin daga jadawali.

Yanzu Auta tana zama a sujada tana kallon bakin Fasto. Ƙawayenta uku suna ƙoƙari, amma bana za su gama, ita kuwa saura mata shekara biyu. Ban san wanda zai tsaya hagu da bagade ba. Da muka dawo daga jana'iza na zaunar da ita, na rubuta mata cewa ta koya mini. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannuwana ta juya su. Kalmar da na rasa ranar Alhamis ita ta fara koya mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki biyu, da ƙaninki wanda ya rasa mai jin maganarsa tun yarinta. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba mu haƙurin wannan rashi. Allah ya ji ƙanki, Malama, ya gafarta miki, ya karɓe ki a hannun Almasihu. Ni ma ya gafarta mini kujerar bayan nan da na bari babu kowa.