Ƙullutun da Ke Nonona na Hagu

Bel ɗin mota ne ya fara sanar da ni. Direban motar kaya ne ni, a nan ƙasar Larabawa, ina ɗauka daga sito-siton Al Warsan in kai duk inda aka ce. Duk sanda na taka birki sai bel ɗin ya danne wani abu a ƙarƙashin kan nonona, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo. Abin da ba ya ciwo kuwa mutum irina ba ya kai shi asibiti.

Ɗakinmu a Sonapur, unguwar 'yan ƙwadago, gado ne a kan gado, ba inda za ka ɓoye jikinka. Wata safiya wani Bazazzagi mai walda, wanda ke kwana a samana, ya ga ɗigon jini a singiletina.

"Baba direba, yaushe ne suna? Na ga ruwan nono ya zo."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har 'yan Pakistan da ba su ji me ya ce ba. Na ce masa uwarsa ce za ta yi wankan jego. Amma daga ranar a banɗaki nake canza riga.

Likitan da kamfani ke tura mu wurinsa ya taɓa da yatsa ɗaya, ya ce kitse ne, ya ba ni man shafawa. Da na koma bayan azumi wani likitan na tarar, shi ya rubuta a yi mini hoton nono. Masu inshora suka mayar da takardar, wai kuskure ne, wannan gwajin mata ne. Aka sake turawa, aka ce in jira. Na jira har zafi ya shigo ya fita.

Ranar hoton, mai gadin sashen ya tare ni a ƙofa.

"Habibi, maza a waje suke jiran matansu."

"Ba ni da mata a ciki," na ce. "Ni ne mai nonon."

Na zauna a ƙarshen benci, mata suna gyara mayafi suna matsawa. Likitar, wata 'yar Sudan, ta daɗe tana duban hoton. Ta ce sai an sa allura an ciro ɗan nama an gwada, kuma kada ya wuce mako mai zuwa.

Ni da matata mun rabu tun kafin in zo ƙasar nan. Wadda nake da ita Yaya ce, babbar yayata a Kano, ita ta goya ni. Na kira ta daga tashar bas.

"Allura?" ta ce. "Kada ka kuskura. In daji ne, ba ya son ƙarfe. Yana jin ƙarfe zai watsu. Ka manta Inna? Da ƙafarta ta shiga asibiti, suna sa mata wuƙa aka fito da ita a kwance."

Ban manta ba. Ni na riƙe ƙafar makarar. Kuma ba Yaya kaɗai ke faɗin haka ba, duk unguwarmu da shi muka tashi. Likitar da ban san gidansu ba ta ce ƙarfe, wadda ta goya ni ta ce a'a. Ban je ba. Asibitin suka yi ta kira, ina kallon wayar tana haske a kan sitiyari.

Yaya ta aiko da garin sassaƙe ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya nan Deira, a kwaɓa da man shanu. Ina shafawa a banɗaki, ɗaki yana tambayar wa ya shigo da warin ruga. Kan nonon ya lotsa ciki. Sai hammata ta kumbura, har igiyar tamfol ta gagare ni ja.

Da na koma, likitar ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ta taɓa hammatar, ta ce in kwanta. Allurar da na gudar wa wata da watanni, ko zafin cizon kunama ba ta kai ba.

Daji ne, kuma ya kai hammata. Ta ce za su cire nonon duka da abin da ke hammatar, sannan ƙarin ruwa mai zubar da gashi. Na tambaye ta ko zan warke. Ta ce za su yi iya yinsu. Na san wannan amsar, ita nake ba mai kaya in mota ta tsaya a hanya.

Yaya ta yi kuka. "Ka dawo gida, ɗan nan. In ma tafiyar ce, ka tafi a hannunmu."

Na so in koma, wallahi na so. Amma a gida layin asibiti zan tarar, da sassaƙe, da masu zuwa dubiya suna kallon ƙirjina. A nan inshora tana aiki muddin biza na da rai. Na zaɓi wuƙa.

Da za a shiga da ni, nas ta tambayi wa ke jirana a waje. Na ce ta rubuta kamfani.

Bayan an sallame ni Yaya ta kira. Ina zaune a bakin gado, kowa ya tafi aiki, robar da ke zuƙe ruwan ciwon tana rataye a ƙuguna.

"Ka ga abin da na gaya maka," ta ce. "Suna sa allurar ya tashi."

"Yaya, ya riga allurar zuwa hammata. Ina shafa maganinki yana tafiya."

Ban taɓa yi mata magana haka ba.

"To wa ke dafa maka abinci?" ta ce.

"Akwai mutane," na ce.

Da ta ajiye, na dafa ƙarfen gado na miƙe, na ɗora ruwan taliya da hannun dama.