Ranar da Aka Jefa 'Yata Cikin Kogin Harlem

Ko da zan manta duk abin da na gani a shekarun da na yi a New York, ba na jin zan manta ranar da aka yi ban kwana da 'yan tseren kwale-kwale na jami'ar 'yata. Ranar ce na yi tafi a inda ya kamata in yi kuka, na kuma yi ihu a inda kowa ke dariya.

A lokacin muna zaune a Harlem, ina aikin kula da wata tsohuwa a gidanta. Autata ta shiga wasan nan tun tana sakandare, ta kuma ci gaba da shi a jami'a, a wata ƙungiya da ake ji da ita a faɗin ƙasar. Gaskiya ban taɓa gane aikinta ba. Sauran 'yan matan dogaye ne, masu ƙwanji, su ke jan filafili. Ita kuwa ƙarama ce, tana zama a ƙarshen jirgin ta fuskance su, ta riƙe igiyar tuƙi tana ba su umarni. Na sha tambayarta yadda aka yi mai zama ta zama 'yar wasa, sai ta yi dariya ta ba ni amsa da Turanci, don tana jin Hausa amma ba ta cika mayarwa ba.

A shekararta ta uku ta faɗa mini an gayyace ta wani sansanin horo, inda ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Babu shagon da ban kai labarin ba a layin 116, har telan da ke mini ɗinki ya sani. Saboda haka da ta ce in zo taron ƙungiyarsu wata Asabar da rana, sai na ɗauka walimar rakiyarta ce. Na sa leshina mafi kyau na tafi.

Wurin wata doguwar rumfa ce a bakin kogi, an jera jiragen a bango ɗaya bisa ɗaya. Tun daga ƙofa na fara rikicewa. Ga balan-balan, ga kiɗa, amma 'yan matan sai rungumar juna suke yi ido jajir. Kociyarsu, wata doguwar Baturiya mai shaƙaƙƙiyar murya, ta tsaya tana kiran suna. Duk wadda aka kira sai a yi dogon bayani a kanta, a miƙa mata bakin filafili da aka yi wa fenti. Turancin kociyar yana da sauri, rabi kawai nake kamawa. Na dai gane wasu sun gama karatu ne, ɗaya kuma ciwon baya ya hana ta ci gaba.

Can sai na ji sunan 'yata. Na miƙe na yi tafi da ƙarfi, saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Matar da ke kusa da ni, uwar ɗaya daga cikin dogayen, ta dafa hannuna ta ce ta san yau rana ce mai wuya a gare ni, za su yi kewar yarinyar sosai. Na ce mata ai ba daɗewa za ta yi ba, sansani ne kawai. Ta dube ni, ta kau da kai. A nan na fara zargin akwai abin da ban sani ba.

Ban gama tattara hankalina ba sai na ga 'yan matan sun yi kan 'yata. Wasu suka kama hannu, wasu ƙafa, suka ɗauke ta cak suka nufi wani dandamalin katako da ya miƙa cikin ruwa. Na bi su a guje, takalmina ɗaya ya fita. Ina kallo suka lilo da ita suka wurga ta cikin kogin. Ban san abin da na faɗa ba, an dai ce mini salati na yi ta yi da ƙarfi. Da wani mutum bai riƙe ni ba, da na bi ta, alhali ko a kwatami ban taɓa iyo ba. Yana ta yi mini bayanin cewa al'adarsu ce, haka ake girmama mai tuƙi, ni kuwa ina ta tunanin laifin da ta yi musu.

Ta fito tana dariya tana kuka, ɗankwalin wasanta ya manne mata a kai. Na cire mayafina na lulluɓe ta, na ja ta bayan rumfar, na ce ta faɗa mini abin da ke faruwa kafin in haukace. Korar ta aka yi? Ina maganar sansanin?

Ta ce ba wanda ya kore ta, ita ta ce ta bari, kuma ta ƙi zuwa sansanin. Ta ce ta kasa faɗa mini a gida ne, shi ya sa ta kira ni nan. Mai zama a wurinta dole kada nauyinta ya yi yawa, domin duk abin da ta ƙara sauran ne za su ja. Babu wanda ya taɓa ce mata ta daina cin abinci, amma sikeli yana nan, ita ma ta san abin da ake so. Har ta kai ga jiri na ɗaukarta a aji, likita ya ja mata kunne. Na ce amma shekarun nan duka, da sunan da ta yi? Sai ta dube ni, ta bar Turancin, ta haɗa Hausarta mai tsalle-tsalle.

"Umma, yunwa nake ji. Na daɗe ina jin yunwa."

Na tsaya da takalmi ɗaya, ina jin kiɗa daga cikin rumfar, ban san ko in yi fushi da kociyar ba, ko in je in gode mata, don ita ma na gan ta tana share hawaye. Daga ƙarshe na ce mata, "Auta, je ki sallami 'yan'uwanki mu tafi."

Ta koma suka yi ta rungumar ta har su ma suka jiƙe. Daga nan muka wuce wani gidan abincin 'yan Senegal, na zauna ina kallonta tana cin shinkafa da kifi, ba ta ɗaga kai ba sai da farantin ya koma fes. Na yi makonni ina kame-kame idan aka tambaye ni labarin sansani, har na gaji na fara faɗin gaskiya.

Yau ita ma tana koya wa yara wasan a ƙarshen mako, har yanzu kuma ban iya bambanta gaban jirgin da bayansa ba. Amma ranar ta koya mini cewa ba duk mai barin abu ne ya gaza ba. Wani ya fi buƙatar ƙarfin zuciya wajen sauka daga jirgi fiye da wajen cin tsere, kuma idan ɗanka ya sauka, ka fara tambayarsa lafiyarsa kafin ka tambayi kofin.